Ƙofa Biyu a Fili Ɗaya

A ƙarshen watan Satumban 2024 aka ba da sanarwar cewa wani kamfanin ƙasar Indiya mai suna GMR ya sayi kaso mafi tsoka a kamfanin da ya mallaki ƙungiyar kurket ta gundumar Hampshire, can kudancin Ingila. Cikin manyan ƙungiyoyin gundumomi 18 da ke buga gasar ƙasar, ita ce ta farko da ta koma hannun masu kuɗi daga ƙetare. Masu sayen sun san wasan sarai, domin suna da hannun jari a Delhi Capitals, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin gasar Indiya, gasar da ta fi kowace gasar kurket kuɗi a duniya. Hampshire kuwa ba ƙaramin gida ba ne a tarihin wannan wasa. A cikinta ƙauyen Hambledon yake, inda kurket ya yi ƙarfi ya sami tsari tun ƙarni na 18, wasan da jiragen ruwan masu mulkin mallaka suka kai Indiya. Duniya juyi-juyi.

Tun kafin wannan ciniki, filin da na san ƙungiyar da shi ya riga ya tafi. A kan titin Northlands yake, cikin birnin Southampton, kuma sun yi wasa a kansa daga 1885 har zuwa 2000. Daga nan aka rushe rumfunan, aka yanka filin aka gina gidaje. An dai raɗa wa wani dandali na sabuwar unguwar sunan Malcolm Marshall, gwanin jifa ɗan Barbados da ya yi wa ƙungiyar hidima shekara da shekaru. Sabon filin yana bayan gari kusa da babbar hanya, da otal a jikinsa, sunansa kuma yakan sauya in kamfanin da ke ɗaukar nauyi ya sauya.

Ni ba a Ingila na fara ganin kurket ba. Makarantar kwanan da na yi a Arewa ta gaji ragowarsa daga Turawan da suka koyar a cikinta: wata doguwar tabarmar igiya da ake shimfiɗawa a tsakiyar fili, da 'yan sanduna da suka sha ɗauri. Irin wannan gado ya faro ne daga irin su Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, inda malamai Turawa suka koya wa ɗalibai kurket da wasan fayif da ake buga ƙwallo a jikin bango da tafin hannu. Sardauna Ahmadu Bello na cikin waɗanda suka buga su a can. Malaman nan daga makarantun 'ya'yan gata na Ingila da manyan jami'o'inta suka fito, duniyar da ta haifi mutumin da zan ba da labarinsa.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Ana kafa turaku uku a kowane ƙarshen wani siririn fage a tsakiyar fili. Mai jifa ya sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallon fata mai tauri yana neman kayar da turakun, mai sanda ya tare, in ya sami sarari ya maka ta nesa, shi da abokinsa su yi ta musayar wuri da gudu suna tara maki. In an fitar da mutum goma, zubin wannan ɓangare ya ƙare, sai ɗayan ya karɓi sanda. Kowa zubi biyu yake yi, kuma a zamanin da nake magana kwana uku ake ware wa wasa ɗaya.

A shekarun 1990, lokacin da karatu ya kai ni Southampton, nakan sulale zuwa titin Northlands in rana ta fito. Abin da ke fara tarar mutum daga ƙofa shi ne ƙamshin ciyawar da aka aske da sassafe. Tsofaffi sun jeru a kan kujeru, wasu da bargo a gwiwa ko da a tsakiyar bazararsu, kowa da fulas ɗin shayi da katin wasa da fensir, yana rubuta abin da kowace jifa ta haifar. Ba ganga, ba busa, ba ihu. Sai ƙarar ƙwallo a jikin sanda, ƙwas, wadda in bugun ya yi kyau takan iso kunne da wani irin zaƙi, sannan tafi ya zagaya filin a hankali ya lafa. Da rana a tashi cin abinci, da la'asar a tsaya shan shayi, yara su kwarara cikin fili da ƙananan sandunansu har sai an kaɗa ƙararrawa. Mutum zai iya wuni a nan ba tare da ya duba agogo ba.

A nan na saba da wani dattijo, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, wanda tun yana yaro mahaifinsa ke riƙo hannunsa zuwa filin. Shi ya fara ambata mini sunan Lionel Tennyson. Ya ce ya gan shi da idonsa a ƙarshen zamaninsa, ƙaton mutum jajir mai babbar murya, wanda in ya fito da sanda sai kowa ya gyara zama, domin ko dai ya aika ƙwallo bayan rumfa ko a fitar da shi nan take. Shi ne kuma ya fara fahimtar da ni cewa mutum goma sha ɗayan da ke fitowa cikin fararen kaya iri ɗaya, a wancan zamani ba ɗaki ɗaya suke sa kayan ba.

An haifi Lionel Tennyson a 1889. Kakansa shi ne Alfred Tennyson, mawaƙin fadar Sarauniya Biktoriya, wanda aka ba sarauta saboda alƙalaminsa. Mahaifinsa Hallam ya riƙe muƙamin Gwamna Janar na Ostireliya. Shi kuwa Lionel bai ɗauko alƙalamin gidan ba. Ya yi makarantar Eton, ya leƙa jami'ar Cambridge, hankalinsa duk yana kan sanda da dawakin sukuwa da liyafa, kuma caca ta cinye masa dukiya mai yawa tun yana matashi. Ya fara buga wa Hampshire a 1913, ya yi abin kallo a 'yan watannin farko har aka sa shi cikin tawagar Ingila da ta tafi Afirka ta Kudu a ƙarshen shekarar. Sai yaƙi ya ɓarke a 1914. An ji masa rauni sau uku a fagen daga, 'yan'uwansa biyu maza kuma ba su dawo ba. Da aka koma wasa a 1919 aka ba shi kaftin ɗin Hampshire, ya riƙe har 1933. A 1928 ya gaji sarautar gidansu.

Bai taɓa karɓar albashi ba, kuma wannan shi ne tushen matsayinsa. 'Yan wasan gunduma kashi biyu ne a lokacin. Akwai 'yan sha'awa, waɗanda ake ɗauka suna da abin hannunsu, suna wasa don nishaɗi da mutuncin gunduma. Akwai 'yan albashi, 'ya'yan manoma da masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa, waɗanda wasan ne abincinsu. A filaye da dama kowane kashi da ɗakinsa, a wasu ma har da ƙofar da yake bi ya shiga fili, sai a tsakiya su haɗu. In an yi tafiya, waɗannan su shiga taragon manya su sauka a babban otal, waɗancan su nemi masauki mai rahusa. Ɗan albashi ko ya haifi ɗan sha'awa, dole ya girmama shi a kira, shi kuwa a kira shi da sunan mahaifinsa gatsau. Har a kan katin wasa an bambanta: haruffan sunan ɗan sha'awa kafin sunan gidansu suke zuwa, na ɗan albashi a baya. An taɓa yin shela da lasifika a filin Lord's na Landan don a gyara katin da ya yi kuskuren sa haruffan Fred Titmus a gaba, alhali ɗan albashi ne. Kaftin kuma, in dai da hali, ɗan sha'awa ne, ko da shi ne mafi rauni a cikin goma sha ɗayan.

Labarin da dattijon nan ya fi so, wanda duk mai bin Hampshire ya haddace, na watan Yunin 1922 ne, a filin Edgbaston da ke Birmingham. Masu masauki, Warwickshire, suka fara riƙe sanda suka tara 223. Hampshire suka shigo, cikin minti arba'in aka share su kakaf da maki 15. Jifa 53 kacal aka yi. Mutum takwas sun fita ba ko maki ɗaya. Phil Mead ya sami 6 ba a fitar da shi ba, Tennyson ya sami 4. Harry Howell ya fitar da mutum shida, kaftin ɗin Warwickshire, Freddie Calthorpe, wanda shi ma ɗan gidan sarauta ne, ya fitar da huɗu. Da yake tazarar ta kai 208, doka ta ba Calthorpe damar tilasta musu su sake shiga nan take, ya kuwa yi. Ana ba da labari cewa ya ba Tennyson shawarar tunda wasan zai ƙare da wuri, 'yan sha'awar ɓangarorin biyu su tafi wasan golf da sauran lokacin. Tennyson ya fusata, ya ce Hampshire ce za ta ci, har ya sa kuɗi a kai.

A rana ta biyu babu alamar zai fita kunya. An fitar da mutum shida suna da 177, ko bashin farko ba su gama biya ba. Da mutum na takwas ya fita suna da 274, wato rarar 66 kawai, sai ga na goma a jeri ya shigo, Walter Livsey, mai tsaron bayan turaku. Livsey ɗan albashi ne, amma yana da wani aiki na biyu: shi ne hadimin Tennyson, mai kula da tufafinsa da jakunkunansa da sauran hidimarsa. Ya tarar da George Brown, wani ƙarfaffan ɗan albashi mai riƙe sanda da hagu. Su biyun suka kafe. Masu jifa suka yi ta sauyawa, rana ta yi ta tafiya, suka haɗa 177 a tsakaninsu kafin a fitar da Brown da 172. Livsey ya ci gaba da na ƙarshe, Stuart Boyes, suka ƙara 70. Hampshire ta tsaya a 521, Livsey na da 110 ba a fitar da shi ba, karon farko a rayuwarsa da ya kai ɗari. Warwickshire na neman 314, sai Alec Kennedy da Jack Newman, wasu 'yan albashin biyu, suka tattara su a 158. Ƙungiyar da aka share da 15 ta ci wasa da tazarar 155. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Dattijon yakan ba da labarin nan a matsayin labarin Tennyson, kuma da gaskiyarsa ta wani gefen. Kaftin mai sanyin zuciya da ya sallama tun daren farko, mutanensa su sallama tare da shi. Amma duk wanda ya zauna da alƙaluman wasan zai ga hannun da ya yi aikin. Tennyson 45 ya ci a zubi na biyu. Brown da Livsey da Kennedy da Newman su suka ɗauki kayan, kuma da aka tashi, hadimin da ya ci 110 shi ke da alhakin haɗa jakar maigidan da ya ci 45.

Bahaushe ba zai yi mamakin irin wannan zama ba, domin mun san barantaka. Bara ya tsaya wa ubangidansa, ubangida ya ɗauki nauyin suturarsa da aurensa, a tsakaninsu a sami ƙauna ta gaske wadda ba a saya da kuɗi. Mun kuma san cewa duk daɗin zaman, ɗaya ne a kan shimfiɗa, ɗaya a tsugune, kuma in Allah ya haɗa bara da ubangidan banza, ba shi da inda zai kai kuka. 'Yan albashin Hampshire sun yi dace, domin nasu mai kirki ne, mai faɗa da saurin hucewa. A wannan shekara ta 1922, a Nottingham, Jack Newman ya ƙi yin jifa saboda 'yan kallo na yi musu ihu. Tennyson ya kore shi daga fili, shi kuma ya shure turaku a kan hanyarsa ta fita. Ana cewa daga baya Tennyson ya zaunar da shi, ya yi masa shiftar takardar neman gafara, da ya gama rubutawa ya ciro fam ɗaya ya ba shi. Mutane kan ba da wannan labari suna dariya. Ni in na ji shi, Newman nake gani, magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai, gwanin sana'arsa, zaune ana faɗa masa kalmomin da zai ba da haƙuri da su.

Ba na so in rage wa Tennyson abin da yake nasa. A 1921 Ostireliya ta zo Ingila da masu jifa biyu masu tsananin gudu, Jack Gregory da Ted McDonald, bayan ta lallasa Ingila sau biyar a jere a gidanta, ta kuma ci wasa biyun farko na wannan ziyara. Aka ba Tennyson kaftin a wasa na uku a Leeds. Yana tare wata ƙwallo sai ta tsaga masa hannun hagu. A lokacin babu hular kwano, babu kayan kariya irin na yau. Ya fito da hannu a ɗaure, ya riƙe sanda kusan da hannu ɗaya, ya ci 63 a zubin farko da 36 a na biyu. Ingila ta faɗi a wasan, amma sauran biyun da ya jagoranta an tashi ba wanda ya ci wani. Mutumin da ya kwanta a ramukan yaƙi a Faransa, ya rasa 'yan'uwa biyu, ƙwallon fata ba za ta firgita shi ba. Wannan jarumta tasa ce, ba wanda ya yi masa ita.

Sai dai jarumta daban, gwaninta daban. A duk tsawon wasansa ya tara maki sama da 16,000, kimanin 23 ke nan a duk fitar da aka yi masa. Phil Mead, wanda ke ƙarƙashinsa duk waɗannan shekaru, ya tara 55,061, kusan 48 a kowace fita, ya kai ɗari sau 153. Makin da ya ci wa Hampshire kaɗai, 48,892, har yau babu wanda ya ci wa wata ƙungiya guda kamarsu. Bai taɓa zama kaftin ɗin gundumar na dindindin ba, ba a ma yi tunanin ba shi ba. Daga baya idonsa ya rufe, ya ci gaba da zuwa fili yana sauraron ƙarar sanda, har ya rasu a 1958. Livsey rashin lafiya ta raba shi da wasa a 1929. Ɗan albashi a wancan zamani ba shi da fansho. Abin da yake sa rai shi ne bayan shekaru masu yawa a ware masa wasa ɗaya a ba shi kuɗin ƙofa, in ruwan sama ya ɓata ranakun kuma shi ke nan. Da hunturu ya nemi wani aikin.

Akwai kuma munafunci a cikin tsarin, wanda kowa ya sani ana kau da kai. W. G. Grace, ɗan sha'awa mafi shahara a tarihi, likita ne, amma abin da ya samu daga kurket da sunan kuɗin hidima da gudunmawa ya fi na kowane ɗan albashi na zamaninsa. A 1895 kaɗai an tara masa sama da fam 9,000. Shekara guda bayan haka, 'yan albashi biyar suka nemi a ƙara musu kuɗin wasa da Ostireliya daga fam 10 zuwa 20, aka ɗauke su marasa kunya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A 1925 Lord Hawke na Yorkshire ya fito fili ya yi addu'ar kada Allah ya kawo ranar da ɗan albashi zai jagoranci Ingila. Wally Hammond, gwanin gwanaye, sai da ya ajiye albashi ya koma ɗan sha'awa kafin a ba shi kaftin a 1938. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya, sanda ɗaya, ɗakin sa kaya kawai ya sauya.

Tennyson ya rasu a 1951, duniyarsa na gab da bin sa. Yaƙi na biyu da haraji sun cinye dukiyar gadon da ke ba matashi damar yin wata huɗu yana wasa kyauta. Gundumomi suka koma ƙirƙiro wa kaftin aikin ofis na jeka-na-yi-ka don a biya shi ta bayan gida. A 1952 aka ba Len Hutton, ɗan albashi daga Yorkshire, kaftin ɗin Ingila, shekara guda bayan nan ya ƙwato kofin da Ostireliya ta riƙe tun 1934. Wasan da ake haɗa 'yan sha'awa gefe guda da 'yan albashi gefe guda, wanda aka fara tun 1806, an buga na ƙarshe a 1962. A watan Nuwamban shekarar aka yanke shawarar soke bambancin, kowa ya zama ɗan kurket kawai. A 1967 'yan wasa suka kafa ƙungiyar kare haƙƙinsu.

Abin sha'awa, gab da rufe ƙofar ne tsohon tsarin ya yi wa Hampshire kyautarsa mafi girma. A 1961 ta ci gasar gundumomi karon farko, abin da Tennyson bai taɓa samu ba, a ƙarƙashin Colin Ingleby-Mackenzie, wani ɗan Eton mai son dawaki da raha, kamar an tsaga kara da magabacinsa. Da yawa daga nasarorin shekarar sun zo ne saboda yakan ce zubinsu ya isa haka tun ba a fitar da mutanensa duka ba, ya miƙa sanda ga abokan hamayya, ko a ci shi ko ya ci. Masu kewar zamanin da a nan suke kafa hujja. Sukan ce ɗan sha'awa ba ya tsoron kwamiti, ba ya tsoron kora, don haka yakan yi kasada, wasa ya yi armashi, shi kuwa mai iyali da ke jiran sabunta kwantiragi lallaɓawa yake yi. Na daɗe ina ganin hujjar da ƙarfi. Amma in an bi ta a hankali, abin da take nunawa shi ne wanda ba ya tsoron yunwa ya fi sakin jiki. Ba jini ba ne ya ba su wannan, aljihu ne. Tun daga 2000 hukumar kurket ta Ingila ke ba manyan 'yan wasanta kwantiragi mai tsoka, kuma kaftin ɗin da ya fi kowa kasada a zamaninmu, Ben Stokes, makarantar gwamnati ya yi a wani ƙaramin gari na arewacin ƙasar. Ko a 1961 ɗin, kasadar kaftin ta tsaya ne a kan kafaɗar Derek Shackleton, ɗan albashin da ya yi shekara 20 a jere yana fitar da mutum ɗari ko fiye a kowace kaka.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji magabata, amma akwai abin da aka rasa wanda ba zan ɓoye kewarsa ba. A da, malamin makaranta yakan zo da hutun watan Agusta ya buga wa gundumarsa, in an koma aji ya koma alli. Likita da lauya da limamin coci sun tsaya a fili ɗaya da gwanaye. David Sheppard ya jagoranci Ingila, daga baya ya zama Bishop na Liverpool. Wasa wani yanki ne na rayuwar mutum, bai cinye ta duka ba. Yau yaro tun yana ɗan shekara goma sha wani abu ake ɗauke shi a sa shi a makarantar horo, a auna gudunsa da abincinsa da barcinsa, in ya kai ashirin ba a ɗauke shi ba ya fita bai san wata sana'a ba. An kuma rasa zama wuri ɗaya. Mead ya yi kusan shekara talatin a Hampshire, mutanen gari sun san yadda yake taɓa hularsa kafin kowace jifa. Gwanin yau yana iya buga wa ƙungiya huɗu ko biyar a nahiyoyi daban-daban cikin shekara ɗaya, kuma ba na ganin laifinsa, domin ƙarfin jiki ɗan lokaci ne.

Sai kuma lokaci, wanda shi ne asarar da ta fi taɓa ni. A sabon filin Hampshire aka buga ɗaya daga cikin wasannin farko na gajeren kurket, wanda ake gamawa cikin kamar awa uku, a watan Yunin 2003. A 2021 aka kawo wanda ya fi shi gajarta, jifa ɗari ga kowane ɓangare, da kiɗa da wuta da tufafi masu launi. Ya jawo mata da yara da waɗanda ba su taɓa shiga filin kurket ba, ya kuma samar wa 'yan wasa mata albashi da 'yan kallo, wannan alheri ne babba. Amma doguwar gasar gundumomi an tura mafi yawanta farkon kaka da ƙarshenta, lokacin sanyi, aka bar wa sabuwar tsakiyar bazara. Abin da ya faru a 1922 ba zai yiwu cikin awa uku ba. Sai da aka kwana biyu da kunya a wuya, kowa ya koma masauki ya yi tunani, kafin ta juye ta zama nasara.

Ƙofa biyun fa? A fili an toshe ɗaya, kowa ɗaki ɗaya yake shiga. Ingleby-Mackenzie ɗin nan ma, lokacin da yake shugaban kulob ɗin MCC mai filin Lord's, shi ya tsaya kai da fata har aka amince mata su zama mambobi a 1998, bayan fiye da shekara 200 ana hana su. Amma a 2023 wata hukuma mai zaman kanta ƙarƙashin Cindy Butts ta binciki wasan, ta samu cewa wariyar launin fata da ta jinsi da ta aji suna nan daram. Kashi 58 cikin ɗari na mazan da suka buga wa Ingila a 2021 makarantun kuɗi suka yi, alhali kusan kashi 7 ne kawai na yaran ƙasar ke zuwa irin waɗannan makarantu. Su ke da filaye da masu horarwa, yawancin makarantun gwamnati ba su da ko fagen. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan tsohon tsarin ta wata fuska, domin zamanin Tennyson, duk da ƙasƙancin da ke cikinsa, yana buƙatar ɗan talaka ya zo ya yi jifa, don haka yakan je har ƙauye ya nemo shi. Yaro irin Livsey a yau zai shiga ta ƙofa ɗaya da kowa, in ya iso. Isowar ce ta yi wuya.

Hukumar binciken ta ba da shawarar a daina buga wasan shekara-shekara na Eton da Harrow a Lord's, wasan da aka fara tun 1805, wanda Tennyson kansa ya buga yana ɗalibi, a ba yaran makarantun gwamnati ranar. Mambobin MCC da dama sun riga sun nuna ba za su yarda a taɓa shi ba, kuma kulob ɗin ya bar shi a jadawali, da alkawarin sake duba maganar nan gaba.